Hoton dabba a bugun katako: me ya sa nawa ke fita dunƙulen baƙi?

Sabon-hannu:

Assalamu alaikum, masana wannan zaure. Ina koyon sassaƙa katako don buga hoto a takarda, kuma dabbobi nake son yi. Ina da zanen fensir na kyanwa da akuya da zabuwa, ga kuma hotunansu da yawa a waya. Matsalar ita ce, in na kwafi hoton a kan katako na sassaƙa, abin da ke fitowa a takarda ba ya kama da dabbar. Kyanwar baƙa ce, sai ta fito dunƙule guda, ba a gane kunne, ba a gane kafaɗa. Gashin bakinta tun wajen sassaƙa ya kakkarye. Ƙananan layukan da na yanka don nuna gashin jiki kuma tawada ta cike su. Katakon guntun filaiwud ne irin na kafintoci, cizal ɗina uku ne, tawadar mai ce, da bayan cokali nake murzawa.

Daga hoto ya fi kyau a fara ko daga zanen hannu? Yaya ake mai da hoto mai launi ya koma baƙi da fari zalla ba tare da dabbar ta ɓace ba? Wane katako ya dace? A taimaka, Allah ya saka da alheri.

Mai Cizal:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai mataki guda da ka tsallake, kuma daga nan yawancin matsalarka ta taso. Tsakanin hoton waya da katako dole a sami zane na uku, wanda aka yi da baƙi da fari kaɗai, girmansa daidai da na katakon. Hoto yana ɗauke da matakan haske da duhu barkatai, katako kuwa biyu ya sani: inda ka bari zai ɗauki tawada, inda ka cire ba zai ɗauka ba. In ba ka yanke hukuncin kowane wuri a takarda ba, cizal ne zai yanke maka, shi kuma ba ya mayar da abin da ya ci.

Ka fara da wayar. Ka cire launin hoton gaba ɗaya, ka ɗan dusashe shi yadda ƙananan gashi za su ɓace, sannan ka ƙara bambancin haske da duhu har sai ya rage mataki uku: fari, toka-toka, baƙi. Akwai manhajojin da za su mai da shi baƙi da fari nan take, amma abin da suke bayarwa jagora ne kawai. Manhaja ba ta san kunne daga bango ba; in duhunsu ɗaya ne sai ta haɗe su, ta kuma farfasa kwatangwalo ya zama ɗigo-ɗigo marasa ma'ana. Daga nan sai ka ajiye wayar a gefe. Ka sami baƙar takarda mai kauri da farin fenti da ƙaramin burushi, ka zana hasken kawai. Wannan shi ne ainihin abin da cizal ke yi a katako, don haka hannunka zai fara koyon tunani da fari tun kafin ya taɓa ƙarfe. In babu baƙar takarda, ka shafe fara da baƙar tawada ta bushe. Ka yi irin wannan zane uku ko huɗu ƙanana, kamar faɗin tafin hannu, ka jingine su a bango ka ja da baya mita biyu zuwa uku. Wanda aka gane kyanwa ce daga can, shi za ka faɗaɗa. Ka kuma duba shi a madubi: karkataccen ido ko gajeriyar ƙafa da idonka ya saba da su a madubi suke tona kansu.

Baƙar dabba ta fi kowace sauƙi a wannan sana'a in an san inda za a taɓa. Kada ka zagaye ta da farin layi ɗaya mai kauri iri ɗaya daga kai har wutsiya. Sai ta fito tamkar an yanko ta da almakashi an manna. Ka zaɓi gefen da haske ke fitowa, a ce daga sama ta hagu. Gefen kunnen hagu, ƙashin saman ido, doron hanci, tudun kafaɗa, gadon baya da saman cinya, nan kawai za ka yanka, da gajerun layuka masu bin kwanciyar gashi. Ɗaya gefen ka bar shi ya narke cikin baƙin bayansa, ko ka buɗe farin fili a bayan dabbar ta wannan gefen yadda siffarta za ta fito a kan fari. Wato gefe ɗaya fari a kan baƙi, ɗayan baƙi a kan fari. Idon mai kallo da kansa zai cike abin da ka bari.

Toka-toka kuma da tazarar yanka ake samunsa. Ka ɗauki guntun katakon da za ka yi aiki da shi, ka ja akwati biyar masu santimita uku-uku. Na farko ka cire kamar kashi ɗaya cikin goma na fuskarsa da siraran layuka, na tsakiya rabi, na ƙarshe ka bar kashi ɗaya cikin goma kawai. Ka buga shi ka manna a gabanka. Duk lokacin da kake shakkar yawan yankan da wuri ke bukata, ka duba wannan ma'auni. Kuma kullum ka tsaya kafin ka kai inda kake ganin ya isa, ka buga gwaji, sannan ka ƙara.

Gashin baki: a bar siririn layin katako tsaye shi kaɗai a cikin farin fili wahala ce ko ga gwani, musamman in ya gitta jijiyar katako, wato layin da zaren itacen ya bi. Ka shirya zanenka yadda bayan gashin bakin zai zama baƙi, sai ka yanke su farare. Su ne na ƙarshe a aikin, da cizal mai bakin V da aka wasa yanzu-yanzu, yanka ɗaya kowane gashi, daga tushe zuwa tsini, kana ɗaga hannu a hankali don layin ya ƙare siriri. Huɗu ko biyar a kowane gefe sun isa.

Malama Mai Zane:

Abin da Malam Mai Cizal ya faɗa haka yake. Ni kan tambayarka ta farko zan tsaya, domin zane da hoto kowanne da aikinsa, kuma kowanne yana da irin ƙaryar da yake yi.

Hoto yana ba ka tsarin tabo, kwanciyar gashi, siffar ido. Amma kyamarar waya mai faɗin gani ce: in ka matso kusa da akuya, hanci zai kumbura, kunnuwa da gindi su ƙanƙance. A hoto ba ka damuwa da wannan, amma da zarar ka kwafe shi a katako sai a ga kamar ba ka iya zane ba. Ka ja baya mita uku ko fiye ka zuƙo, ka durƙusa kyamara ta yi daidai da idon dabbar. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana gajarta ƙafafu. Ka nemi hasken da ke zuwa daga gefe, na safe ko na la'asar, don shi ke fito da tudu da kwari na jiki. Hasken tsakar rana yana zuba inuwa a ramin ido da ƙarƙashin ciki, fitilar kyamara kuma tana baje komai. Sannan hoto kan ɓoye kofato a ciyawa, ko ya haɗe ƙafa biyu su zama ɗaya. Ka ɗauki da yawa daga kusurwa daban-daban don ka san abin da ke ɓoye. In hoton na wani ne, ka nemi izininsa kafin ka buga ka sayar, don haƙƙinsa ne.

Zanen hannu shi ke ba ka tsayuwa da nauyi. Ka zauna gaban dabbar ka yi ta yin zanen daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya: layin ƙashin baya tukuna, sai ƙoƙon haƙarƙari, sai ƙugu, sai kai, sannan inda ƙafafu suka taka ƙasa. Lokacin cin abinci ko barci sun fi tsayawa. Yawancin zanen ba za su yi kyau ba, ba kuma don kyau ake yin su ba. Daga cikinsu za ka ɗauki tsayuwar, daga hoto ka ɗauki bayanin fata.

Ka san gaɓoɓi, ko da sama-sama. Gaɓar nan ta ƙafar baya da ke lanƙwasa baya a akuya ko doki ko kyanwa, diddige ce. Gwiwar gaske tana sama, kusa da ciki. Abin da ake kira gwiwa a ƙafar gaban doki daidai yake da wuyan hannun mutum. Haka tsuntsu: gaɓar da kake gani a tsakiyar ƙafar zabuwa idon sawu ce, gwiwarta na cikin gashi. Wanda bai san wannan ba yakan lanƙwasa ƙafa ta inda ba ta lanƙwasuwa. Sanannen bugun katakon nan na karkanda da Albrecht Dürer ya yi a Jamus a 1515 misali ne mai kyau ta fuska biyu. Bai taɓa ganin dabbar ba. An kawo ta birnin Lisbon na ƙasar Portugal daga Indiya a shekarar, shi kuma daga wani zane da bayanin wasiƙa ya yi aiki. Sai ya sa mata sulke falle-falle da ƙaramin ƙaho a kan kafaɗa wanda babu shi a jikinta. Aikin ya yi ƙarfi har aka daɗe ana kwafarsa a Turai a matsayin siffar karkanda, kuskuren ma ana kwafa tare. Ta ɗaya fuskar kuma, hotunan dokin da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Kaliforniya a 1878 su suka nuna cewa lokacin da doki mai sukuwa ya bar ƙasa gaba ɗaya, ƙafafunsa a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka saba yi ba. Don dabba mai gudu, hoto ya fi ido.

Kafin ka fara yanka, ka ɗora takarda mai shara-shara a kan zanenka ka ja ƙananan kibau masu nuna inda gashi ya kwanta. A kyanwa yana tashi daga hanci ya bazu baya ta kumatu da goshi, ya gangara wuya, ya zagaye kafaɗa, ya sauka ƙafafu. Tsawonsa ma ya bambanta: a fuska yanka na milimita biyu zuwa uku, a wuya da ciki ya kai goma ko fiye. In duk yankanka tsawo ɗaya ne kuma fuska ɗaya suka nufa, dabbar za ta baje. Zabuwa kuma kada ka ce sai ka yi kowane ɗigo. Ka yi su manya a sarari inda jiki ya fuskanto ka, su riƙa ƙanƙancewa suna matsuwa yayin da jikin ke juyawa, su ɓace a inuwar ƙarƙashi. Ana yin su da ƙaramin cizal mai bakin U, a kafa shi a juya, ko a danna ƙusar da aka dakushe bakinta. Ido shi ne wurin da ba ya yafiya: ɗigon haske ɗaya, ƙarami, a gefen da haske ke fitowa, kuma gefe ɗaya a idanun biyu.

Baban Tawada:

Sabon-hannu, sannu da ƙoƙari. Sun gama maka da zane, saura kayan aiki, don cikewar layukanka da karyewar gashin baki akwai hannun katako da tawada a ciki.

Filaiwud na kafintoci fallen samansa siriri ne ƙwarai, sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, ƙarƙashinsa gam ne da wani falle da jijiyarsa ta gitta. Da ka yi layuka kusa da juna sai fallen ya ɓantare. Wanda aka yi don wannan aiki shi ne filaiwud na shina daga Japan: laushi gare shi, jijiyarsa ba ta da ƙarfi, yana yankuwa ta kowace fuska. Na itacen birch mai kyau ma yana yi, sai dai ya fi tauri. Mai son layi siriri sosai yakan koma katakon ceri, wanda masu bugun Japan suka dogara da shi ɗaruruwan shekaru, ko na itacen fiya na Turai, wanda ake kira pear. Suna riƙe layi amma suna cin kaifi da ƙarfin hannu. Katakon fain yana tsagewa, kuma jijiyarsa kan fito a bugu, abin da wani lokaci yake kyau a bayan hoto amma ba a fuskar kyanwa ba. Allon garin katako da aka matse ba shi da jijiya ko kaɗan, sai dai yana dakushe cizal da sauri kuma gefen layi yana marmashewa. In ka ga tsofaffin hotunan tsuntsaye da dabbobi na Thomas Bewick na Ingila, masu gashi siriri kamar zare, kada ka wahalar da kanka kana neman irinsu da cizal: shi a kan kan gungume yake aiki, wato katakon da aka yanka a gicciye, na itace mai tsananin tauri, da ƙarfen zanen ƙarfe. Wata sana'a ce daban. Aikinka ya fi kusa da na mai zanen Jamus Franz Marc, wanda ya yi damisa da dawakai a katako wajen 1912 da manyan baƙaƙen siffofi da yanka kaɗan.

Kauri milimita 6 zuwa 9 ya isa bugun hannu. Ka goge fuskar da samfefa mai lamba 320 sannan 400, ka naɗe ta a kan guntun katako mai baje don kada ka yi kwari, kana bin jijiya. Ka shafa tawada mai ruwa-ruwa, ja ko shuɗiya, ta bushe. Haka duk inda ka yanka zai fito fari ka riƙa ganin hotonka yana tasowa. Bayan ka sauke zane, ka shafa shelak, wato wani irin fanish na katako, tsarma sau ɗaya, ka sake bi da 400 sama-sama. Yana ɗaure zaren katako ya rage ɓantarewa, yana kuma rage shan tawada da katakon ke yi. Ka ɗora dabbar yadda tsawon jikinta zai bi jijiya, don yawancin yankan gashi su tafi tare da ita.

Cizal uku sun isa in su ne daidai: mai bakin V na milimita 1.5 zuwa 3, ƙaramin U na milimita 3, babban U na 9 ko 10 don share fili. Ka ƙara wuƙar sassaƙa mai karkataccen baki. Duk inda za ka yanka a gicciyen jijiya, ko kusa da wuri mai laushi kamar kunne, ka fara bin gefen layin da wuƙa, a karkace kamar digiri 30 daga tsaye, bakinta na nesanta daga abin da za ka bari. Abin da ya tsaya ya zama gindinsa ya fi samansa faɗi. In ka yanka a tsaye cak, ko ka shiga ƙarƙashinsa, murzawar farko zai karye. Zurfin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa kusa da layi. A faffaɗan fili ka kai biyu zuwa uku, in ba haka ba rolar shafa tawada za ta taɓa ƙasan. Kaifi kuwa: dutsen wasa kaifi da ake jiƙawa da ruwa, mai lamba 1000 don gyara baki, 4000 zuwa 6000 don gogewa, sannan fata da aka shafa wa man gogewa, ka riƙa bi kowane minti goma sha biyar zuwa ashirin kana cikin aiki. Gwajinsa shi ne ka yanka a gicciye a guntun katako. In gefen ya fito sumul yana sheƙi, ya yi, in ya yi gashi-gashi, koma dutse. Hannun da ke riƙe katako kullum yana bayan baki, kuma ka kafa wa katakon matokari a tebur.

Cikewar layi yawanci yawan tawada ne. Ka ɗebi kaɗan a gefen gilashi, ka ja siririn layi daidai faɗin rola, ka yi ta mirginawa kana ɗaga rolar a ƙarshen kowane zuwa har ta baje. Ka saurara: in tana ƙara mai ƙarfi tana tsinke-tsinke, ta yi yawa, ka kankare rabi. Daidai ita ce ƙara siririya, fuskar kuma ta yi laushi ba tudu. Ka hau katako da shafi uku ko huɗu sirara daga fuska daban-daban, ba tare da dannawa ba. Rola mai laushi sosai tana nutsewa cikin yanka, haka ma tawadar da ta yi ruwa saboda zafi. Wani dalilin kuma yankan da bai yi zurfi ba, wanda aka yi da tsinin V kawai aka karce sama. Bugu biyu ko uku na farko za su fito fari-fari domin katako na sha. Kada ka ƙara tawada saboda su, ka yi su a takardar jarida ka wuce.

Da bayan cokali, takarda siririya kake bukata, mai nauyin gram 30 zuwa 70 a murabba'in mita, mai santsi, irin ta zaren itacen kozo ta Japan in ka samu. Mai kauri ta gram 250 sai da injin matsawa. Ka ɗora wata takarda mai santsi a sama don kada cokali ya yaga, ka fara daga tsakiya da ƙananan zagaye. Ka danne gefe ɗaya da hannu ka ɗaga ɗaya ka leƙa. In akwai wurin da bai kama ba, ka mayar ka ƙara murzawa.

Sabon-hannu:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara basira. Na gane inda na kauce. Saura abu biyu. Wace hanya ce ta fi wajen sauke zanen a kan katako? Na ji ana cewa a buga hoton a firinta a jiƙa shi da asiton, sinadarin nan na goge fentin farce, ya sauka. Kuma akuyar ja ce da fari, ina so in sa launi ɗaya bayan baƙin. Yaya zan yi su hau kan juna daidai?

Mai Cizal:

Ka fara riƙe wannan: duk abin da ke katako a juye zai fito. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce takarda mai shara-shara. Ka kwafi zanenka da fensir mai laushi, 4B ko 6B, ka kifa ta fuskar fensir na kallon katako, ka manne gefe ɗaya da tef, ka murza bayanta da cokali. Zanen zai sauka a juye, bugu kuma ya dawo da shi daidai. Da takardar kabon kuwa sai ka fara juya zanen da kanka kafin ka bi. Da firinta, ka buga hoton yadda yake ka kifa. Masu juya shi a kwamfuta sannan su kifa sun juya sau biyu ke nan. Kuma firinta mai garin tawada, wato leza, ita ke yi. Ta ruwa ba ta sauka da asiton.

Amma ban ba ka shawarar asiton ba a wannan mataki. Yana sauke maka hoton da duk tarkacensa, sai ka koma bin kowane ɗigo da cizal, abin da ya kai ka ga dunƙulen farko. In za ka yi, zanenka na baƙi da fari za ka buga, ba hoton waya ba, kuma a wuri mai iska, nesa da wuta, don yana kamawa nan da nan. Ka sauke manyan siffofi kawai: iyakar jiki, ido, hanci, iyakar haske da duhu, da kiban gashi. Gashin kansa da cizal za ka zana shi kai tsaye, shi ya sa yake fita da rai. Masu bugun Japan na gargajiya manne zanen suke yi a kife da gam na sitaci, su murje bayan takardar da yatsa har layi ya bayyana, su yanka ta cikinta. Yana da daidaito sosai amma zanen ya tafi ke nan, don haka da kwafi ake yi.

Baban Tawada:

Ni ban ƙi asiton kamar Malam ba. Ga zane mai layuka da yawa, kamar jakin dawa, yana rage aiki sosai. Sharaɗin kawai a shafa shelak a kai, in ba haka ba baƙin garin ko kabon ko alƙalamin maka zai tashi ya ɓata launi mai haske a bugun farko.

Batun launi, hanya biyu ce. Ta farko katako biyu masu girma ɗaya. Ka gama na baƙi tukuna. Ka yi matokari mai siffar L da sanduna biyu a kan allo, kaurinsu ya ɗan gaza na katakon, ka sa alamar inda kusurwar takarda da gefenta za su zauna. Ka buga baƙin da tawada isasshiya a takarda mai santsi, ka cire katakon, ka zura sabon a gurbinsa, ka kifa ɗanyen bugun a kai ka murza. Hoton ya sauka a daidai wurinsa. Ka bar shi ya bushe, sannan ka cire duk inda kake son fari, ka bar inda ja zai hau. Ka bar jan ya shige ƙarƙashin baƙin layi kamar milimita ɗaya, don ko takarda ta ɗan goce ba za a ga farin tsaga ba. Wajen bugu ja ne farko, baƙi a sama. Masu bugun Japan a jikin katakon suke yanka alamar, kento: kusurwa ɗaya da miƙaƙƙen layi ɗaya a gefe mai tsawo. Ya dace da su domin da burushi suke shafa launin ruwa. Mai rola yakan shafa wa alamar tawada, shi ya sa matokari na waje ya fi masa.

Ta biyu katako ɗaya ne: ka cire fari, ka buga ja a duk takardunka, ka wanke katakon, ka cire inda ja zai tsaya, ka buga baƙi a kai. Hawa kan juna ya fi daidai, amma babu komawa baya. In kana son 20 masu kyau ka fara da 26 ko fiye, don wasu za su lalace a zagaye na biyu. Ga mai koyo katako biyu ya fi, don zai iya gyara ɗaya ya sake gwadawa.

Ka yanke takardun duka girma ɗaya, kusurwar da za ta shiga alama ta zama murabba'i sosai. Tawadar mai tana ɗaukar kwana biyu zuwa mako kafin ta bushe, gwargwadon kaurinta da iska. Ka taɓa da bayan yatsa, in tana danƙo ka jira, don baƙi a kan ɗanyen ja yana fita dabbare-dabbare. Ka rataye su, kada ka jibga. Wajen wanki, ka fara cire ragowar tawada da bugu a jarida, sannan ɗan man girki a tsumma, ka goge ya bushe. Kada ka tsoma katako a ruwa, zai bauɗe. Tsumman da ya sha tawadar mai irin wadda aka haɗa da man linsid kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a baje a waje ko a sa a gwangwani mai ruwa da murfi.

Malama Mai Zane:

Ƙari kaɗan kan akuyar. Tunda ja zai ɗauki matsayin toka-toka, ka rage yankan gashi a katakon baƙi ƙwarai. Baƙin ya tsaya a ido, hanci, cikin kunne, ƙaho, kofato da inuwar ƙarƙashin ciki da wuya. In ka cika shi da layuka kamar na bugu mai launi ɗaya, jan zai shaƙe. Kuma ƙwayar idon akuya a kwance take, doguwa, ba zagaye ba, ta kyanwa kuma a tsaye in haske ya yi yawa. In guntu ya ɓalle a kunne ko ƙaho, kada ka share tebur: ka nemo shi, ka ɗiga gam na katako da tsinke, ka danne da tef na awa ɗaya, ka bi da samfefa 600 a hankali har ya yi daidai da fuskar katakon.